Rasuwar Kwamfutar Gidan Batulu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tsoro da ban saba da shi ba, ni Jamaluddeen Haladu, tsohon malamin tarihi a Kazaure, nake sanar da 'yan uwa na Babura, Roni da Gwiwa rasuwar kwamfutar gidanmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan katifa, lulluɓe da zanen matata, marigayiya Batulu.

Mamaciyar ta yi zama da manhajoji huɗu na dangin Linux, duk na kyauta, kuma ba ta taɓa kai ƙarata ba. Ta fara da Ubuntu, mai fara'a ga baƙo, sai dai ya yi wa tsohuwar nauyi. Na mai da ta Fedora, wanda ba ya rufa shekara bai sake riga ba, kamar ɗan siyasa. Debian kuwa dattijo ne mai wuyar sauya ra'ayi, shi ya sa muka shaƙu. Batulu ce ta raba gardamar. Ta zaɓi Mint, don a cikinsa take gane inda komai yake ba sai ta saurari laccata ba. A kansa aka tsaya.

Zafi ne ajalinta. Tun da Batulu ta rasu nake rufa mata zanen nan, ko tana aiki, kada ta yi datti. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya gaya mini kwamfuta ta ƙasa take numfashi. Fankarta da ke cewa "fuuu" ta koma "kirrr". Daga baya wani abu a cikinta ya fara "ƙas, ƙas, ƙas". Sai shiru.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, da linzami mai ido ɗaya, da tsoho guda.

Ta kuma tafi da abin da ba nata ba. A faifan ajiyarta akwai muryar Batulu tana koya wa 'yarmu Sadiyya dambun zogale, tana dariya a tsakiya, tana korata daga madafi. Babu ita a ko'ina sai nan. Jiya na rufe ido na nemi muryar a kaina, sai ta Sadiyya ta zo. Na sake nema, ita ce dai.

Sadiyya, na san za ki ga wannan a Babura. Na kasa faɗa miki a waya.

Za a yi mata wanka a shagon Maikasuwa mai gyara, bayan sallar Juma'a. Zai ciro faifan ya jona shi da wata kwamfutar. Ya ce idan ya juya, da sauran rai. Idan ya ci gaba da ƙas-ƙas ɗin, sai haƙuri. Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Zaman makoki a zaurena ne. Masu niyyar sanar da ni cewa da Lubuntu na sa, mara nauyi, da ba ta yi zafi ba, Allah ya ba su lada, su yi zamansu a gida. Amma duk wanda Batulu ta taɓa aika wa saƙon murya, ya duba tsohuwar wayarsa ya zo da ita. Ko faɗa take yi. Ko sallama ce kawai.