Ranar da Na Kai Hawainiyata Asibiti

Ba na jin akwai ranar da zan manta da abin da ya same ni a Ɗambatta, a gaban mutumin da na fi jin kunya a duk duniya, kuma duk a kan hawainiya. E, hawainiya dai da kuka sani.

Lokacin ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, ina ji da kaina ƙwarai. Na yi karatu a Kano, ina da babbar waya, kuma na kalli bidiyon Turawa masu kiwon hawainiya har na ɗauka ni ma na zama gwani. Da damina na tsinci wata a jikin karan dawa a gonarmu, koriya shar, na ɗora ta a kan sanda na taho da ita gida ina taƙama.

Inna na ganinta ta ja da baya. "Ba a gidan nan ba. Wannan abar in ta hura maka iska, fatarka ta tashi aiki."

Na yi mata dogon bayani cewa camfi ne. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in fitar da ita. Sai na yi abin da duk wani mai ilimi zai yi: na ɓoye ta a kwali a ƙarƙashin gadona.

A nan sai na faɗa muku wani abu, ku yi mini uzuri. A lokacin ina neman auren wata yarinya, Rabi, 'yar Malam Hamisu mai kiwon tumaki. Rabi tana da wata tafiya ta yanga, taku ɗaya sai ta ɗan tsaya kamar ƙasar ce ke roƙonta. Da na ga hawainiyata tana irin wannan rangajin, sai na raɗa mata suna Rabi. (A raina soyayya ce. Ban yi shawara da kowa ba, kun dai gani.)

Na kula da ita iya sanina. Ruwa a murfin kwalba, matattun ƙudaje, wani lokacin har ɓarɓashin ƙosai. Ba a jima ba ta daina ci. Launinta ya koma baƙi-baƙi ya tsaya a nan, idanunta suka zurma, ko reshen da na sa mata ba ta iya riƙewa. Hankalina ya tashi da gaske, don na saba da ita.

Na fara zuwa wurin mai kemis, na ce ina son maganin rashin cin abinci. Ya ce yaro ne ko babba? Na ce hawainiya ce. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ma kana samun barci kuwa?" Na kira wani abokina a Kano, ya ce asibitocin da ya sani na karnukan masu kuɗi ne da kyanwoyinsu, kuma don Allah kar in ce shi ya turo ni. A ƙarshe aka kwatanta mini wani likitan dabbobi mai shago kusa da kasuwar shanu a Ɗambatta.

Ranar kasuwa na huda kwalin, na ɗaure da igiya, na hau mota. Na tarar da layi a ƙofar shagon: masu shanu, masu awaki, wata tsohuwa da agwagwa. Ina neman wurin raɓewa sai na ji an ce, "A'a, Malam, kai ne?"

Malam Hamisu ne, riƙe da wani rago mai tari.

Na zube ƙasa na gaishe shi, kwalina a hammata. Ya amsa da fara'a, ya tambayi Inna, sannan idonsa ya sauka inda nake tsoro.

"Me ka kawo?"

"'Yar kaza ce, Baba. Ta Inna ce, ba ta jin daɗi."

"Kaza ai ba sai an ga likita ba. Ina kiwon kaji tun ba a haife ka ba. Kawo in taɓa maƙoƙonta."

"Baba, ai ta yi barci."

"To sai mu tashe ta."

Surukin da kake nema ba a ja-in-ja da shi. Ya karɓi kwalin, ya kwance igiyar, ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba, yana ba na kusa da shi labarin yadda ake gane murar kaji. Sai ya katse labarin. Ya zaro hannun a hankali. Ga baiwar Allah nan maƙale da babban yatsansa, ita da ta kasa riƙe reshe a ɗakina, ta naɗe jelarta a tsintsiyar hannunsa, ido ɗaya na kallonsa, ɗaya na kallona.

Layi ya watse. Tsohuwar nan ta rungume agwagwarta ta yi cikin kasuwa. Malam Hamisu bai yi ihu ba, ya dai miƙe hannun can nesa da jikinsa yana salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na ruɗe, bakina ya riga hankalina, na ce da ƙarfi:

"Rabi, saki Baba. Rabi, don Allah sake shi."

Salatin ya tsaya.

"Wa ka kira?"

Wani mai shanu da ya laɓe a bayan bijiminsa ya taimaka mini: "Rabi ya ce, Malam. Sunanta ke nan."

Ku tsaya ku duba yadda abin yake a idon uba. Saurayin 'yarka ya kama hawainiya, ya sa mata sunan 'yarka, ya kulle ta a kwali, ya kuma yi maka ƙarya. Ko ni aka ba wa labarin, asiri zan ce.

Likitan ne ya fito ya ɓamɓare ta a hankali, ya juya ta, ya duba bakinta. Ya ce bai taɓa duba irinta ba, amma ba sai an yi bincike ba. Ya tambaye ni inda nake ajiye ta da abin da nake ba ta, ni kuma na lissafa, jama'a na dawowa suna saurare. Da na zo kan ƙosai wani ya tuntsire da dariya.

"Ƙishirwa ce da yunwa da rashin rana," in ji likitan. "Ba ta shan ruwa a mazubi, raɓar ganye take lasa. Ƙwari masu rai take ci. Ka yayyafa wa ganye ruwa, ka sa ta a hantsi, in ta farfaɗo ka mai da ita gona. Ba ta da wata cuta sai kai. Me kake koyarwa ma?"

Na ce lissafi. (Allah Ya yafe mini, kimiyya ta sha wahala a hannuna ranar, ban so in ƙara mata.)

Hawainiya ta warke, na sake ta a gindin darbejiya, ko waiwaye ba ta yi ba. Ni ne ban warke da wuri ba. Labari ya riga ni isa gida. Sai da kawuna da liman suka taka har wurin Malam Hamisu suka rantse masa cewa ba tsafi nake ba, wauta ce kawai, kuma sun daɗe da sanina da ita. Wannan shaidar ce ta cece ni.

Rabi kuwa zancen asiri bai dame ta ba. Da na samu ta fito zance, tambaya ɗaya ta yi mini: "Duk halittun Allah, da ita na yi maka kama?" Na ce tafiyar ce. Ta ce in nuna mata yadda tafiyar take. Na nuna, a ƙofar gidansu, ƙannenta na leƙe ta katanga.

An dai ɗaura auren bayan kaka. Har yau in na kai wa surukina tsaraba a leda, sai ya sa na buɗe da hannuna na zazzage a gabansa.

Abin da na koya shi ne, dabbar daji ba ta neman gata a wurin malamin makaranta. In kuma ka nace sai ka yi kiwo, ka sa mata sunan da ba na 'yar kowa ba.