Ilu Ya Shayar da Gonar da Ba a Shuka Ba

A wani ƙauye na bakin kanal ɗin ban ruwa, inda ake noman alkama da rani, akwai gidan Inna Kande da 'ya'yanta maza biyu. Babban, Sallau, shi ke riƙe da gida. Ƙaninsa Ilu kuwa ƙato ne har da gemu, ga ƙarfi ga biyayya, sai dai duk abin da aka ce ya yi, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari.

Gonar da suke ci da ita aro ce daga Baffa Barau, ƙanin mahaifinsu. Wata ciyawa mai kama da alkama ta addabe ta. Shekara da shekaru ana fesa mata magani iri ɗaya har ta saba, ta koma shan sa kamar kunu. Baffa ya ce in bana ma ta cinye alkamar, zai karɓi gonarsa ya ba wani.

Wata rana Sallau ya nuna wa Ilu yadda ake feshi a gefen gona, ya ce ya yi daidai yadda ya ga yana yi. Ashe ƙaya ta soki Sallau da safe. Ilu ya goya injin feshi, ya zagaye gonar yana ɗingishi yana tsaki. Inna ta kawo abinci ta tambaye shi abin da ya sami ƙafarsa.

"Lafiyarta ƙalau, Inna. Haka Yaya yake yi."

Ita kuwa ciyawar ko a jikinta.

Wata rana malamin gona ya yi bayani cewa 'ya'yan ciyawar kan shigo daga waje. Sallau ya ce wa Ilu kada ya bar ciyawa ko ɗaya ta shiga gonar. Ilu ya tsaya a hanyar da ta ratsa ta, ya mai da jakin mai harawa baya, ya tsettsefe gashin awaki. Liman ma sai da ya kakkaɓe babbar rigarsa kafin ya wuce, yana dariya yana sa masa albarka.

Wata rana Sallau zai tafi birni neman iri, ya ce, "Duk ranar da aka sako ruwa, ka shayar da gonar." Shi ɗan fangalin albasa da ke kusurwar gonar yake nufi. Irin ya yi jinkiri, Sallau ya daɗe. Ilu kuwa ya shayar da gonar kaf, ƙasa tsirara, ba ƙwaya ɗaya a ciki. Mutane suka riƙa tsayawa suna tambayarsa yaushe girbi, shi kuma da zuciya ɗaya yana cewa sai Yaya ya dawo.

Sallau ya dawo ya tarar da gona kore shar, ciyawa zalla. Ya kuma san Baffa ba ya magana biyu. Ya jefa wa Ilu fartanya cikin fushi.

"Kai ka raine ta, sai ka kashe ta. Kada ka bar min ko ɗaya."

Bawan Allah bai bar ko ɗaya ba. Suka shuka a makare, ran Sallau a ɓace. Amma 'ya'yan ciyawar da ke kwance a ƙasa sun riga sun tsiro sun mutu, sai alkama ta tashi ita kaɗai, yayin da maƙwabta ke ta fama da feshi a banza. Da girbi Baffa ya zagaya gonar, ya murza zangarniya a tafinsa, ya ce gonar ta zauna a hannunsu. Inna sai da ta yi hawaye don murna.

Da rani ya zagayo, Ilu ya ga manoman ƙauyen kaf suna shayar da ƙasa tsirara. Tausayinsu ya kama shi, ya matso kusa da Sallau ya rage murya.

"Yaya, a gaya musu mana. Ba su shuka komai ba fa."