Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar da Ba Ta Taɓa Kamuwa da Bairos Ba

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Malam Izzuddeen Ubale na Tudun Ƙofa, Keffi, tsohon magatakarda mai ritaya, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da duk wanda ya taɓa zuwa da filash ɗinsa aka sallame shi daga bakin ƙofa, rasuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin da ta saba zama, bayan doguwar jinya. Shekararta goma sha huɗu a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a ƙasar waje kafin a kawo ta. Mai shagon da ya sayar masa da ita dai ya rantse cewa wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, kuma ba ta buɗe ta sai ranar Lahadi.

Marigayiya mai kamun kai ce. Ba ta da gaggawa: in an kunna ta, mutum zai iya dafa shayi ya sha kafin ta farka, ta yi 'yar kiɗanta, tin-tin-tirin, sannan fankarta ta ɗauki huci kamar wadda ta hau tudu da kaya. Harafin "e" ya goge, batirinta ya riga ta tafiya da shekara shida, amma ba ta taɓa kai ƙara ba.

Babban abin da za a tuna ta da shi shi ne, ba ta taɓa kamuwa da bairos ba. Malam Izzuddeen ne ya tsaya mata. A ra'ayinsa intanet kasuwa ce, kuma mai mutunci ba ya kwana a kasuwa, don haka bai taɓa haɗa ta da shi ba. Sabunta manhaja kuwa, ya ce dabara ce ta masu son ka sayi sabuwa. Ya liƙe idon kyamararta da filasta. Kalmar sirrinta harafi ashirin da shida ce, shi kansa sai ya yi kuskure sau biyu kafin ta buɗe. Filash kuma, ko na limamin unguwa ne, bai shiga jikinta ba, don ba a san inda ya kwana ba. Ta haka ba abin da ya shiga cikinta, ba kuma abin da ya fita.

A cikin abin da bai fita ba akwai muryar mahaifiyarsa, Inna Huraira. Shekara bakwai da suka wuce, wata biyu kafin Allah ya yi mata rasuwa, ya ajiye Dattijuwa a kan tabarma a gabanta, ta yi minti arba'in da ɗaya tana ba da labarin inda kakanninsu suka taso, ta rufe da waƙar niƙa da Gwandaranci, irin wadda take yi masa yana goye. Gwandarancinsa bai wuce gaisuwa ba, amma kowace Juma'a in ya dawo masallaci sai ya rufe ƙofa ya saurara. Babu wannan murya a ko'ina a duniya sai nan.

Ciwon ajali ya fara ne da zafin bazara. Faifan ajiyar da ke cikinta ya soma wani sauti, ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar kaza tana tsattsagar tire. Malam ya yi mata jinya iyakar saninsa: ya ɗora ta a kan marfin randa don ta sha sanyi, ya rage mata aiki, ya hana a yi magana da ƙarfi kusa da ita. Da abin ya ƙi, ya ɗauke ta a keke zuwa Sabon Gari wurin Wilson mai gyara. Wilson ya kara kunne sau ɗaya ya ce, "Baba, wannan ba zafi ba ne, tafiya ce. Ka kwafe abinka yau-yau, kar ka kai gobe." 'Yarsa Khairat, mai karatun kwamfuta a jami'a, ta faɗa masa haka tun bara, ya amsa mata da cewa nasu ilimin na allo ne, nasa na zama da abu ne.

A yi masa adalci, ya sayi filash sabo fil a leda. Sai dai ya tsaya tunanin hannun da ya taɓa shi a kamfani, ya ajiye shi a aljihun tebur sai ya gama bincike. Mako uku yana bincike. Ranar Talata ya yanke shawara, ya kunna ta, ta yi ƙyas sau biyu, allon ya yi baƙi. Wilson ya kwana uku a kan faifan, ya kai wa wani abokinsa a Abuja, aka dawo da shi a ambulan ba tare da bayani mai tsawo ba. Malam Izzuddeen yana so a sani cewa ba ya zargin kowa, ya san wanda ya yi wannan aiki, kuma kullum yana ganinsa in zai gyara hula.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba a wuya, jaka mai mataccen zif, firinta da suka shekara biyar ba sa ga maciji, da filash sabo wanda har yanzu yana cikin ledarsa, bai taɓa ganin marigayiya ba.

Ba za a yi mata salla ba, kasancewarta na'ura. Ranar Asabar da safe za a kai gawar shagon Wilson, inda za a raba allonta da madannanta ga mabukata. Faifan zai zauna a gida, an naɗe shi a mayafin Inna.

Zaman makoki ranar Juma'a ne bayan an sauko masallaci, lokacin da aka saba rufe ƙofa, amma wannan karon a buɗe za ta kasance. Ana roƙon tsofaffin da suka yi zamani da Inna Huraira, musamman masu jin Gwandaranci, su daure su zo. Khairat za ta ɗauki magana da waya uku. Mai filash ya zo da shi, ba za a tambaye shi inda ya kwana ba.

Abin da Malam ya haddace daidai shi ne farkon faifan kawai, inda Inna ta gyara zama ta ce, "Izzu, ta fara ji? To in yi magana?" Wanda ya san abin da ta faɗa bayan nan, don Allah ya zo.