Firijin Garkuwan Baitulmali

Jiya na wuni a tsaye a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, gumi yana bin bayana, ina gadin firiji. Ba nawa ba ne. Nawa yana can ɗakina a unguwar Hindawiyya yana kukan da ya saba. Wannan mai ƙofa biyu ne, ya fi ni tsayi, ya kuma fi ni daraja a idon hukuma. Bari in faɗa muku yadda mutum mai digiri a fannin tattalin arziki ya koma dogarin firiji.

Ni akawu ne a wani ɗan kamfani da ke yi wa alhazai da masu Umara jigilar kaya zuwa gida ta jirgin ruwa. Can gida kuwa ina da shagon atamfa. Sunana ne a takarda, amma ƙanwata Barakatu ce a ciki. Tun da mijinta ya rasu, da shagon nan take ciyar da 'ya'yanta, take biya musu makaranta.

Shekarar da annoba ta rufe kasuwanni, masu mulkinmu suka tashi da tausayi, suka yi wa ƙananan 'yan kasuwa rangwamen haraji. Ban nema ba, ban roƙa ba. Su suka yi lissafinsu, su suka rage, su suka shiga rediyo suna yabon kansu. Muka ce mun gode.

Bayan shekaru, a watan jiya, sai Barakatu ta kira ni.

"Yaya Rafi'u, an zo an shafa mana jan fenti a ƙofa."

"Su wa?"

"Mutanen haraji. Wai rangwamen nan na lokacin annoba an yi mana fiye da ƙima. Wai mu mayar, har da tara. In wata ya ƙare ba mu biya ba, za su sa kwaɗo."

Na ce ta karanta mini wurin tarar a takardar da suka bari. Ta karanta. Ashe laifinmu shi ne mun yi jinkirin mayar da abin da ba mu san an ba mu da yawa ba. Dole mutum ya jinjina wa ofishin da ya yi barci shekara da shekaru a kan kuskurensa, ranar da ya farka kuma ya ci tarar wanda bai tashe shi ba.

Na zauna na rubuta musu ƙorafi irin na wanda ya yi makaranta. Suka amsa cewa in zo da kaina. Na ce ina Jidda, kuma kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ba ya ba da hutu don mutum ya je ya yi wa gwamnati gyaran lissafi. Suka ce to a kawo rasit na wancan lokaci. Barakatu ta ce ai rasit ɗin su suka karɓa don su yi rangwamen. Suka ce haka ne, amma ruwa ya shiga ɗakin ajiya. Ikon Allah, ruwan nan mai ilimi ne: ya cinye duk takardar da ta nuna na biya, ya bar wadda ta nuna ana bi na a bushe. Na tambayi ina jami'in da ya yi lissafin. Aka ce an ƙara masa girma.

Maƙwabcina Ya'u mai turare, wanda ya zo Umara tun ina da gashi a ka kuma har yau bai kammala ba, ya same ni ina rubuta ƙorafi na uku.

"Malam, har yanzu nahawu kake aika musu?"

"Doka nake kawo musu, Ya'u."

"Doka tasu ce fa. Kai dai ka bari su zo. Duk mai kujera a can, nan yake zuwa wanke zunubi. In ya gama wankewa kuma sai ya shiga kasuwa."

Na yi masa kallon da mai digiri ke yi wa mai turare. Kafin mako ya zagayo, sai ga babban mutumin ofishin da kansa a bakin kamfaninmu. Ba zan faɗi sunansa ba, mu kira shi Mai Girma Garkuwan Baitulmali. Ya zo da tawaga don nazarin yadda ƙasashen waje ke tara kuɗin shiga, aka kuma yi dace nazarin ya faɗo daidai lokacin Umara. Sakamakon nazarin ne aka sauke mana daga mota: darduma, labule, tukwane, da firijin nan, duk na kayan ɗakin 'yarsa da za a aurar.

Kansa a aske tas, fuskarsa ta yi laushi irin na wanda ya sha kuka a ɗawafi. Da aka gama auna kaya ya biya, sai ya kama hannuna da hannu biyu, kamar yadda masu komawa gida suke yi.

"Ɗan'uwa, mu yafi juna. Ni dai na yafe wa duk wanda ya taɓa yi mini."

Na ce, "Na yafe, ranka ya daɗe. Tunda kuwa ana yafiya, akwai wani shago..."

Na zayyana masa komai. Ina magana laushin yana janyewa daga fuskarsa. Ya saki hannuna.

"Wannan haƙƙin al'umma ne, Malam. Ba ni da hurumin yafe shi. Na yarda kuskuren namu ne, amma kuɗin a hannunka ya kwana."

Ya hau mota. Na tsaya ina mamakin tsoron Allah irin wannan, wanda ke yafe abin da babu, ya riƙe abin da ke akwai.

Jiya da safe Hatim, mai kamfaninmu, ya shigo yana sababi rabi da Larabci rabi da Hausar Sudan. Mai gyara ya gano sikelinmu ya kwana biyu yana rage nauyi, duk wanda ya auna kaya a makon nan an caje shi ƙasa da ƙima. Na tsofaffi masu dabino da tasbaha, Hatim ya kaɗa hannu ya ce halas, wato shi ke nan, a bar musu. Da ya zo kan kayan Mai Girma sai ya tsaya.

"Wannan ba halas. Ya cika ko kaya su kwana. Yalla ya Rafi'u, mutuminku ne, je ka tsaya a kansu kada a loda, ka kira shi."

Haka na jingina da firiji na buga wa Mai Girma waya can gida.

"Ranka ya daɗe, an yi kuskure wajen awo. Akwai ciko. In ba a biya ba, jirgi zai tashi babu kayan."

"Wa ya auna?"

"Mu."

"Wa ya rubuta kuɗin?"

"Mu."

"Na biya abin da kuka ce ko ban biya ba?"

"Ka biya, ranka ya daɗe."

"To ni mene ne laifina? Biki saura ƙiris. Wane irin zalunci ne mutum ya yi kuskure ya ce wani ya biya?"

Tunda nake ban taɓa jin an kare ƙorafina da fasaha haka ba. Duk abin da na ɓata dare uku ina rubutawa, ya faɗe shi a numfashi ɗaya.

Na ce, "Gaskiyarka. Kuskuren namu ne, amma kuɗin a hannunka ya kwana."

Sai ya yi gyaran murya.

"Shagon nan da ka ce, a wane layi yake?"

Yau da hantsi Barakatu ta kira. Mutum biyu sun zo da bokitin farin fenti sun shafe jan, har suna ce mata Hajiya. Takardar da suka bari ba ta ce an soke bashin ba. Ta ce an jingine shi har sai an kammala bincike, wato har sai Mai Girma ya bar kujera wani ya zo ya tono.

Cikon kuwa, kada ku ɗauka Garkuwan Baitulmali ya biya. Babban mutum ba ya biyan kuskuren wani. Hatim ma ba ya yafe na masu firiji. Don a loda kayan, daga albashina za a cire, kaɗan kaɗan, har bayan Hajji. Na zauna na yi lissafi da digirina, na ga abin da zan biya wa firijin bai yi nisa da abin da hukuma ta nema ba. Ya'u ya ce da gwamnati na ba, da aƙalla an ba ni rasit. Na ce ruwa zai cinye.

Amma shago a buɗe yake, yara sun tafi makaranta, ni ma na ba da gudummawata a bikin da ba a gayyace ni ba.

Kafin ta kashe waya, Barakatu ta ce maƙwabciyarta Mariyamu mai takalma, wadda aka sa wa kwaɗo tun shekaranjiya, tana roƙo in faɗa mata lauyan da ya tsaya mana. Na ce ta gaya mata lauya ne mai ƙofa biyu, ba ya magana, kuma yanzu haka yana tsakiyar Bahar Maliya a kan hanyarsa ta zuwa biki.