Ruwan Tafin Hannu a Gidan Oga

Ina sabon ɗauka a wurin aiki a Greensboro, ogana Ba'indiye ya gayyace mu cin abinci a gidansa da ke Sedgefield. Shi zai sa hannu a tabbatar da ni, don haka tun a mota nake gudun yin kuskure. Amma na ce wa matata Hadiza ta bar mini komai, shekara ashirin na yi ina kallon finafinan Indiya a Kano.

Kafin a zuba abinci, mahaifiyar oga ta tsiyaya wa kowannenmu ruwa a tafin hannu, ta ce, "Acamana."

Hadiza ta raɗa mini, "Me ta ce?"

Na ce, "Wanke fuska."

Na shafe fuska, na bi kunnuwa, har ƙeya. Ina ɗagowa na ga kowa ya kurɓe nasa, an zuba mini ido. Oga ya yi gyaran murya, ya ce kalmar Sanskirit ce, tsohon harshensu, ma'anarta kurɓar ruwa.

Aiki dai an tabbatar da ni. Amma har yau in Hadiza ta miƙo mini ruwa gaban baƙi, sai ta ce, "Baban Amira, wannan na sha ne."