Kujerar Gwaggo Kande

Ramlatu ta sauka daga motar Gidimuni a Damagaram, ko ruwa ba ta tsaya sha ba ta hau kabu-kabu zuwa Kara-Kara, inda taubashinta Alkasum masassaƙi yake da rumfa. Ambaliyar bara ta cinye ɗakin mahaifiyarta, marigayiya Kande, har da kujerar da tsohuwar ta yi shekara hamsin tana zama a kai. Hoto ɗaya ya tsira, Kande bisa kujerar tana tsince wake. Shi Ramlatu ta bar wa Alkasum ya duba ya sassaƙa mata irinta. Ta iske sabuwar kujera a bakin rumfa, hoton kuma a kafe jikin ginshiƙi, an ja masa layuka da jan bik, wato biro, tsaye da kwance.

"Sannu da zuwa, baiwata. Ya mutanen tabki? Kwaɗi sun ba ki izinin fitowa?"

"Riƙe gaisuwarka. Alkasum, uwata ce ka soke da ƙusa kamar fatar akuya?"

"Gwaggota ce tun ba ta zama uwarki ba."

"Dubi fuskarta. Ka yanka ta gida-gida kamar fadamar albasa. Hoton nan kaɗai ya rage mana a duniya. Da na sani da gara na kai wa, ita ko ba komai ba ta riƙe bik."

"Rashin sani ya fi dare duhu. Layukan nan awo ne, kowane gida yatsa uku a jikin itace. Da kin daɗe a lakwal kina karatu maimakon korar tsuntsu a gona, da kin gane fotokofi ne wannan."

Ya buɗe wani tsohon kaye, littafin da yake rubuta awo, ya zaro hoton asali, lafiyarsa ƙalau. Ramlatu ta fizge, ta duba gaba da baya, ta cusa a jaka. Fushin bai sauka ba. Ta taɓa kujerar da ƙafa, kujera ta yi rawa.

"Wannan fa? Wata biyu kana ɓarnar ƙirya, ka haifo mini gurguwa."

"Ke kika ce irinta sak. Koma ga hoton, ga dutsen da Gwaggo take tokare gajeriyar ƙafar da shi. Ni abin da ido ya gani nake sassaƙawa, ba mafarkin 'yan ƙauye ba."

"Idon naka da ba ya bambanta turmi da akushi?"

Ta juya kujerar don ta ƙara samun abin kushewa. A ƙafar baya akwai wani sara mai zurfi, a karkace. Ta sa yatsa a ciki, ta ɗago a hankali.

"Saran nan a baya yake. Hoto bai nuna shi ba. A ina ka san shi, har zurfinsa?"

Alkasum ya sosa ƙeya. "Mai sara ai ba ya manta saransa."

"Me ka ce?"

"Ina shekara tara, muka zo muku Sallah, na ɗauki gizagon Baba na gwada hannu."

"Ni Inna ta zane saboda saran nan. Kwana uku a tsaye nake cin tuwo. Kana raɓe a bakin rumbu kana tauna rake, ba ka ce uffan ba."

"To mene ne amfanin baiwa in ba ta sha duka a madadin ubangidanta ba?"

"Rana dubu ta ɓarawo. Shekara arba'in, Alkasum. Kana zuwa gidana, ina zuba maka miyar kifi, ashe kura nake kiwo." Ta mayar da kujerar kan ƙafafunta. "Duk wannan da sauƙi. Inna ta tafi kabari tana ganin ni na ɓata mata kujerar aurenta, na kuma yi mata ƙarya."

Alkasum ya ajiye wasa.

"Ba ta tafi da haka ba. Lokacin da ta kwanta asibiti a nan Damagaram, na durƙusa na faɗa mata. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce tun ranar ta sani, hannunki ko rake ba ya iya sarawa."

"To don me ta dake ni?"

"Ta ce ke kika shanye mata man shanu a tandu kika laƙa wa kyanwa. Dama tana neman hanya."

Ramlatu ta zauna a kan kujerar, kujera ta karkata hagu da ita kamar yadda waccan take yi da tsohuwar. Ta goge ido da bakin mayafi.

Alkasum ya shiga rumfa ya fito da sabuwar muciya, ya miƙa mata, ya cire hula ya sunkuyar da kai.

"Ungo. Rama, amma ki bar mini kunnuwa, da su nake riƙe bik."

Ta ɗaga muciyar, ta jinjina nauyinta, ta dubi sanƙonsa yana ƙyalli. Dariya ta ƙwace mata.

"Mayar da hularka. Itace mai kyau irin wannan ba zan fasa shi a kan dutse ba, tuwo zan tuƙa da abina."