Fentin Teburin Kwamishina

Bala abokin aikina ke goge teburin da kwamishina ke jawabi a kai, kuma kullum shi ake yabo. Abin yana ci mini rai. Ranar taron manoman albasa a Argungu na riga shi zuwa, na shafe teburin da fenti mai sheƙi, ina shela: "Aikina ne, ba na Bala ba!"

Kwamishina ya dafa teburin ya gama jawabi. Ya ɗaga hannu, babbar rigarsa ta ƙi biyo shi, ta manne a ɗanyen fentin.

Ya ce, "Wa yay yi wanga aiki?"

Kowa ya nuna ni. Bala ya ɓamɓare rigar, aka sake yabonsa.

Har yau in na miƙa hannu a ofis, sai a ce, "Malam, ka bushe?"